Daga babbar motar kwana zuwa ƙaramar tirela: kurakuran da aka fi yi

A Amurka da Kanada akwai mutane da yawa da ke yawo da gidansu a kan taya. Wasu babbar motar kwana suke saye, mai kama da bas, wadda tsawonta kan kai ƙafa 40, ga kicin, ga banɗaki, ga gado. Idan shekaru suka ja, yara suka watse, kuɗin mai da na gyara suka ishi mutum, sai ya yanke shawarar sayarwa ya koma ƙaramar tirelar kwana, wato ɗaki mai taya da ake maƙalawa a bayan mota a ja. Shawarar ba ta da aibu. Inda ake tuntuɓe shi ne a ɗauka tirelar nan tsohuwar motar ce aka rage wa tsawo. A da abu ɗaya kake tuƙawa, yanzu biyu ne, kuma dole su dace da juna.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne zaɓen tirela kafin a duba motar da za ta ja ta. Dillali zai leƙa a-kori-kurarka, a ce Ford F-150, ya ce wannan ai za ta ja tan huɗu ba gardama. Watakila gaskiya ya faɗa, amma abin da mota ke iya ja daban, abin da take iya ɗauka a gadon bayanta daban, kuma na biyun ne ke fara cika. Buɗe ƙofar direba, za ka ga wata takarda a manne a jikin ƙarfen, an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya. Wannan lambar ce alƙali, ba ta talla ba.

Ga yadda lissafin yake. Bakin tirela, inda yake hawa ƙugiyar mota, ya kamata ya ɗora mata kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar gaba ɗaya. A ce tirelarka da kayanta kilo 2,300 ce. Kusan kilo 300 ke nan ya sauka a kan motar tun kafin kowa ya shiga. Ƙara ƙarfen maƙalawa, kilo 40. Kai da maiɗakinka, a ce 160. Janareta da kujeru da akwatin kayan aiki, 150. Ka kai 650. In takardar ƙofa 600 ta ce, ka zarce, duk da cewa a takardar talla ko kusa da iyaka ba ka je ba.

Akwai kuma ruɗin nauyin da kamfani ke bugawa da manyan baƙaƙe. Na tirela wayam ne: ba ruwa, ba tukwane, ba abinci, wani lokaci ma ba batir ba tukunyar gas. Ruwa kaɗai, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Yi lissafinka da lambar da aka rubuta GVWR, wato iyakar nauyinta bayan an loda. Da zarar ka saya, ka cika ta kamar za ka tafiya, ka hau sikelin auna mota na kamfanin CAT da ke tashoshin manyan motoci. Kuɗi kaɗan ne, kuma shi sikeli ba shi da kamisho.

Wani ya ji haka sai ya kwashe kaya ya jibge a ƙarshen tirela don bakin ya yi sauƙi. Wannan ya fi na farko haɗari. Idan bakin ya yi sakayau, tirela takan fara rangaji da an ɗan taka, musamman idan babbar mota ta gifta ko iska ta bugo daga gefe. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a kan tayoyi ko ɗan gaba kaɗan. Ka sa na'urar da ke sarrafa birkin tirela daga cikin mota. Jihohi da dama sun wajabta birki a tirelar da ta wuce wani nauyi. In rangajin ya fara, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari daidai, ka matsa birkin tirela da hannu. Kada ka danne birkin mota. A Kalifoniya ma mai jan tirela ba ya wuce mil 55 a awa.

Sai abubuwan da babbar mota ta sangarta mutum da su har ya manta suna nan. Yawancin manyan suna da janareta a jiki, ƙananan tireloli kuwa galibi babu. Wutar da babbar ke karɓa a zango amfa 50 ce, wat 12,000. Ta ƙaramar amfa 30, wat 3,600 kacal: ka kunna na'urar sanyaya ɗaki da butar lantarki da abin ɗumama abinci a tare, wuta ta yanke. Tankin ruwa ma ya ragu sosai, kuma mai alwala sau biyar a rana, ga wanke-wanke, shi zai fara gane haka. Sannan ba sauran a tashi a dafa shayi ko a shiga banɗaki ana cikin tafiya, don a jihohi da dama doka ta hana zama a cikin tirela tana gudu.

Mutane kan duba tsarin ɗaki a tsaye, minti goma, su ce ya yi. Kwanta a gadon. A ƙanana da yawa a gicciye yake, na jikin bango sai ya haura ɗan'uwansa kafin ya sauko da dare, wanda kuwa gwiwarsa ta fara ƙorafi ba zai jure wannan ba. Shiga banɗakin ka rufe ƙofa. A wasu, wurin wanka da masai ɗaya ne, komai jiƙewa yake. Duba ko darduma za ta shimfiɗu a ƙasa ranar da ake ruwa. A ganina gara mutum ya ɗauki hayar irinta a shafukan hayar tirela irin su Outdoorsy ko RVshare ya yi 'yan kwanaki a ciki kafin ya sa hannu a takarda.

Kada kuma tsoron nauyi ya sa a ƙanƙance har a ƙuntata. Ƙananan tireloli irin su Scamp ta jihar Minnesota da Casita ta jihar Texas suna da sauƙin ja, kuma jikinsu ba shi da yawan haɗin da ruwa zai bi, amma wanda ya saba da falo yana iya gundura da su a damina ɗaya. Gajeriyar tirela ma ta fi doguwa wuyar ribas, don nan da nan take karyewa gefe. Je fili ka koya: hannu a ƙasan sitiyari, inda ka kai hannun nan bayan tirela zai nufa.

In ta hannu za ka saya, ruwa ne abokin gaba. Taka kowane lungu ka ji ko daɓen ya yi laushi, shinshina cikin kabad, duba bangon waje ko ya kumbura, ka hau tsani ka ga rufin. Tayoyi kuma kada zanensu ya ruɗe ka, don na tirela tsufa ke kashe su kafin su suɗe. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin tayar su ne mako da shekarar da aka ƙera taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara biyar ko shida, ka sa kuɗin sabuwa a cikin cinikin.