Yadda nake ɗaura wa yarana na'urar auna bugun ƙwallo a filin Kawukudi

Na'urorin nawa guda biyu ne, kowacce ba ta kai kwalin ashana ba. Ƙanina ne ya aiko mini da su daga Jamus, kuma sai da na ɓata sati uku a filin Kawukudi da ke Accra, Ghana, kafin na iya ɗaura su yadda ya kamata. Duk kocin ƙananan yara a unguwar Nima ko Mamobi da ya samu irinsu, ga yadda nake yi.

A cikin kowacce akwai abu uku: mai auna fizga, mai auna juyawa, da mai gane alƙibla kamar kamfas. Mai auna juyawa shi ne abokin aikinka. Na ukun kuwa ƙarfe na ruɗa shi, don haka kada ka saita na'urar kusa da sandar raga ko kwantenar masu shago.

Kafin ka ba da ko sidi ɗaya, tambayi sau nawa take awo a sakan guda. Ƙafa da ƙwallo suna haɗuwa ne na kusan kashi ɗaya cikin 100 na sakan. Na'ura mai awo 100 a sakan, da ƙyar ta kama lokacin sau ɗaya. Wadda aka sa cikin ƙwallon Al Rihla a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, 500 take yi. Sannan ka duba iyakar saurin juyawar da take iya aunawa. Masu araha da yawa suna tsayawa a digiri 2000 a sakan, kuma ƙwaurin babban ɗan wasa yakan kai wajen nan. In ka ga kan zanen awon da take aikowa waya ya daidaita kamar an yanke shi da reza, na'urar ce ta ƙure.

Ɗauri ne ya fi ba ni wahala. Ranar farko a bayan ƙafa na sa ta, kan tsokar sha-raɓa, na rufe da safa. Yaron ya buga, waya ta nuna wani zane kamar rubutun kaza. Tsoka rawa take yi, na'urar kuma rawar ta auna. Yanzu ta farko a faffaɗan ƙashin ƙwauri nake sa ta, ta ɓangaren ciki, kamar faɗin tafin hannu ƙasa da gwiwa, inda nama bai da yawa. Ta biyu a gefen cinya ta waje, a tsakiya. Filasta a ƙasa, bandeji mai roba a sama, kibiyar jikinta na kallon sama kullum. Ka goge zufa da ƙura tukuna, in ba haka ba jar ƙasar filin nan ba za ta bar filasta ta kama ba. Bayan ɗauri ina sa yatsa in tura. Ta motsa, a kwance a sake.

Sai yaro ya tsaya ƙyam, ƙafafu a miƙe, na sakan biyar, na'urar ta san ina ne ƙasa. Daga nan ya doka ƙafa da ƙarfi sau ɗaya. Wannan dokawar tana fitowa a zanen duka biyun, da ita nake haɗa su da bidiyon da nake ɗauka a waya daga gefe.

Bugu goma da dama, goma da hagu, ƙwallo ɗaya, iska ɗaya, tazarar gudu ɗaya. Yaran Nima kowa Mohammed Kudus, ɗan wasan Ghana ɗan unguwarsu mai bugu da hagu, yake so ya zama, har masu dama suna rantsuwa hagunsu ta fi. Zane ba ya jin rantsuwa.

Abin da nake dubawa shi ne wa ya riga wa. A bugu mai kyau cinya ce ke fara kai ƙololuwar gudunta, sai ta lafa, ƙwauri ya karɓa ya fyaɗa kamar bulala, ya kai nasa ƙololuwar daidai lokacin taɓa ƙwallo. In tudun biyu sun tashi tare a zane, yaron da ƙafa a sandare yake bugu, kamar sanda.

Akwai wani ɗan shekara 14, tudun ƙwaurinsa na zuwa kafin ƙwallo, ƙafar har ta fara sanyi sannan ta taɓa. Na nuna masa. Ya ce, "Koci, ai da ƙarfi na buga." Na ce, "Ɗana, ƙarfin a iska ka bar shi." Da muka koma bidiyo, ƙafar da yake tsayawa a kai can baya yake dasa ta. Na ja masa layi da sanda a gefen ƙwallon, na ce nan zai taka. Har yau in zai buga sai ya sa ƙafa ya sake jan layin.