Yadda Ake Amfani da Rediyon Dijital Idan an Shiga Wata Ƙasa

Rediyon FM da aka saba da shi, duk inda ka kai shi ka ja eriya, da wuya ya rasa abin kamawa. Rediyon dijital ba haka yake ba. Akwatin da ke kawo tashoshi birjik a Jamus sai ya yi gum a Amurka, alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙasashen duniya ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba, kuma kalmar "dijital" da ke jikin kwali ba ta gaya maka wanne aka saka a ciki. Don haka aikin farko, tun kafin a ɗaure kaya, shi ne sanin tsarin da rediyonka ke ji da tsarin da ƙasar da za ka ke watsawa.

Tsare-tsaren da ake da su

Manya guda uku ne: DAB da ƙanensa DAB+, sai HD Radio, sai DRM.

DAB+ ya fi yawa a Turai da Ostireliya. Yana aiki a zangon da ake kira Band III, daga megahaz 174 zuwa 240, wanda aka yanka gida-gida aka sa musu suna daga 5A zuwa 13F. Kowane gida na ɗauke da tarin tashoshi a dunƙule, shi ya sa ba a murɗa lamba kamar a FM, sunan tasha kawai ake zaɓa a allo. Jamus ta buɗe dunƙulenta na ƙasa baki ɗaya a 2011 a gidan 5C. Ostireliya ta fara a 2009 a manyan biranenta. Norway ta wuce kowa, domin a 2017 ta kashe FM na tashoshin ƙasa, aka bar ƙananan tashoshin yanki kawai. Wanda ya shiga can da rediyon FM zalla zai rasa manyan tashoshin gaba ɗaya.

A nan ne masu sayen na hannu suka fi faɗawa rami. Tsohon DAB, wanda BBC ta fara watsawa da shi a 1995, yana matse sauti da tsarin MP2. DAB+ da ya fito a 2007 yana amfani da HE-AAC. Rediyon DAB+ na jin duka biyun, amma tsohon rediyon DAB ba ya jin DAB+. Alamar matsalar a fili take: sunan tashar zai fito a allo, sigina a cike, sauti babu. Ba gyara yake buƙata ba, kwakwalwarsa ce ba ta san yaren ba. Tsofaffin akwatunan da aka yi wa kasuwar Birtaniya sun fi kowa wannan ciwo, saboda can aka daɗe a kan tsohon tsarin, kuma har can ɗin tashoshin kasuwanci da yawa sun koma DAB+. Duba jikin akwatin ko bayansa. In ba ka ga alamar "+" ba, ko koren tambarin amincewa da ake maƙala wa sababbin rediyoyi a Birtaniya, ɗauka tsohon ne.

HD Radio na Amurka ne, hukumar sadarwarsu FCC ta amince da shi a 2002, ana kuma samunsa a Meziko da Kanada. Shi ba shi da zango nasa. Yana raɓe ne a gefen siginar FM ko AM ta tashar. Ka kama tashar kamar kullum, ka ji sautin da aka saba, bayan 'yan daƙiƙoƙi alamar HD ta kunnu sauti ya washe. Tasha ɗaya na iya ɗaukar ƙarin shirye-shirye a HD2 da HD3. Rediyon DAB+ ba ya jin wannan ko kaɗan, kuma mafi yawan zangon da yake lalube a Amurka na talabijin ne.

DRM kuwa an yi shi ne musamman don gajeren zango da matsakaicin zango, an ƙaddamar da shi a Janeba a 2003. Indiya ce ta rungume shi da gaske, gidan rediyon ƙasar na watsawa da shi a matsakaicin zango, kuma motoci da yawa da ake sayarwa can suna zuwa da shi. A gajeren zango, gidajen rediyon ƙetare irin na Romaniya da New Zealand suna da sa'o'in DRM. A rediyon da ba na DRM ba, abin da za ka ji "shuuu" ne mai kauri kamar ruwan sama a kan kwano.

Koriya ta Kudu da Sin kowacce na da nata tsarin, kada ka sa rai da su. Akwai kuma ƙasashen da suka gwada DAB suka watsar: Finland a 2005, Singapo a 2011, Hong Kong a 2017. Tsohon littafin jagora zai iya lissafa su har yanzu. Shafin ƙungiyar WorldDAB na nuna halin da kowace ƙasa ke ciki, na ƙungiyar DRM kuma na da jadawalin watsawa. Wanda aka yi wa tallan akwatin WorldSpace mai kama tauraron ɗan'adam, ya bar kuɗinsa a aljihu: kamfanin ya durƙushe tun 2008.

Wuta kafin komai

Kafin ka cusa filogi, karanta ƙaramin rubutun da ke jikin adaftar. In an rubuta 100–240V da 50/60Hz, za ta yi aiki ko'ina, bakin filogi kawai za ka canza. In 120V kaɗai aka rubuta, irin na Amurka da Kanada, ka sa ta a wutar 230 ta Turai, ta ƙone nan take. Abin canza bakin filogi ba ya rage ƙarfin wuta, ramuka kawai yake daidaitawa, kuma mutane da yawa na ruɗewa a nan.

In dole sai ka sayi wata adafta, abu uku za su dace: yawan bolt ɗin da take fitarwa daidai da na asali, amfiya daidai ko sama da haka, sannan tsakiyar bakin ya zama tabbatacce (+) ko korau (−) kamar yadda zanen jikin rediyon ya nuna. Kada ka bi araha. Adafta marar kyau na fitar da hayaniyar lantarki da ke danne siginar DAB da ta gajeren zango. Gwajin mai sauƙi ne: zare wutar ka bar rediyon a kan batir. In tashoshi suka dawo, adaftar ce. Wasu ƙwayayen fitilar LED masu araha ma haka suke yi, sai ka ga rediyo ya ɗauke daidai lokacin da aka kunna fitila.

Rediyon dijital ya fi na da cin batir, a yi tanadi. Batir ɗin litiyam na ajiya kuma a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a cikin kayan da ake aunawa ba.

Sabon lalube bayan sauka

Jerin tashoshin da ke cikin rediyon na tsohuwar ƙasar ne, ba zai gyara kansa ba. Ja eriya, tsayar da ita cak, domin siginar DAB a tsaye ake watsa ta. Matsa kusa da taga, a bene na sama in da hali. Shiga menu ka zaɓi Full scan. Kula da wannan sosai: wasu rediyoyin suna da Quick scan ko Local scan, wanda ke duba 'yan gidajen da aka saba amfani da su a ƙasar da aka sayar da akwatin, ya tsallake sauran. Rediyon da ya yi gajeren lalube irin na Birtaniya zai iya wuce 5C na Jamus bai ko leƙa ba, ya ce maka babu tasha.

Bayan laluben za ka ga tsofaffin sunaye da alamar tambaya a gabansu. Waɗannan matattu ne, zaɓin Prune zai share su. In jerin ya cakuɗe, yi Factory reset, amma ka sani zai tafi da tashoshin da ka ajiye a maɓallai da ƙararrawar tashi. Agogo yakan saita kansa daga tashar da ya fara kamawa. In ya ci gaba da nuna lokacin tsohuwar ƙasa, duba ko an bar sabunta lokaci a kashe.

In lalube bai kawo komai ba kuma ka tabbata garin na da DAB+, nemi lambar gidan da ake watsawa a yankin, shiga Manual tune, zaɓe shi. Allo zai nuna sandar ƙarfin sigina da ɗan alama a tsakiyarta. Zagaya da rediyon cikin ɗaki har sandar ta wuce alamar, sannan ka sake lalube a wurin. Tsawon eriya ma na da tasiri: tsawon da ya dace da megahaz 200 na DAB kusan santimita 37 ne, na FM kuwa kusan 75. Wani lokaci rage eriyar zuwa rabi ya fi jan ta duka.

Dijital ba ya dusashewa a hankali. Ko dai sauti garau, ko babu. Tsohon DAB kan yi wata ɓulɓula kafin ya yanke, DAB+ ɗif yake yi. A HD Radio, babbar tashar na komawa sautin FM in sigina ta yi rauni, amma HD2 da HD3 ba su da madogara, shiru kawai. Jinkirin 'yan daƙiƙoƙi tsakanin dijital da FM kuma ba lalacewa ba ne, lokacin warware sautin ne.

Ɓangaren FM da AM na cikin akwatin

A ƙasar da tsarin bai dace ba, wannan ɓangaren ne zai cece ka, shi ma da nasa sharuɗɗan. A nahiyar Amurka tashoshin AM na da tazarar kilohaz 10, a Turai da Afirka da Asiya kuwa 9. In tazarar ba daidai ba ce, rediyon zai riƙa dira gefen tasha, sai a kowane kilohaz 90 lambobin ke haɗuwa. Yawancin akwatunan tafiya na da wurin canza 9 da 10, a menu ko wani ɗan makunni cikin gidan batir. A FM, rediyon da aka yi wa Amurka kan yi tsalle daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, don haka ba zai zauna daidai kan 92.4 ba. Nemi saitin yanki a menu. Shi ne kuma ke gyara kaifin sauti, domin Amurka na ƙara wa siraran sautuka ƙarfi fiye da Turai kafin watsawa: rediyon Turai a can zai yi tsini a kunne, na Amurka a Turai ya yi dishi-dishi.

Japan daban take, FM ɗinta daga 76 zuwa 95 ne, tsofaffin rediyoyinta ma a 90 suke tsayawa. Shi ya sa motar da aka fito da ita daga can ke kama tashoshi ƙalilan. Ana sa mata ƙaramar na'ura tsakanin eriya da rediyo mai sauko da zangon, sai dai lambar allo ba za ta ƙara zama ta gaskiya ba. Canza rediyon gaba ɗaya ya fi tsafta.

Mota da kwamfuta

Tun 21 ga Disamba 2020, sabuwar motar fasinja da aka sayar da rediyo a Tarayyar Turai dole ta iya kama dijital, don haka motar haya a can galibi na da DAB+. Tsohuwar mota ana ƙara mata ƙaramin akwatin DAB+ da eriyar da ake liƙawa a gilashin gaba. Inda aka fi kuskure shi ne ɗan ganyen ƙarfen eriyar, wanda dole ya manne da jikin motar a ginshiƙin gilashi. In bai taɓa ba, sigina za ta riƙa yankewa ko a tsakiyar birni.

Mai yawan yawo tsakanin nahiyoyi zai fi samun sauƙi da ƙaramin sandan RTL-SDR mai kama siginar rediyo, wanda ake cusawa a kwamfuta. Manhajar welle.io na buɗe DAB da DAB+, nrsc5 na buɗe HD Radio, Dream na buɗe DRM, ko da yake gajeren zango na buƙatar sandan da ke sauka ƙasa da megahaz 30 da doguwar waya a waje. Jadawalin gajeren zango da agogon UTC, wato agogon GMT, ake rubuta shi, kuma yana canzawa a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Sai dai irin wannan sanda na kama zangon jiragen sama da na jami'an tsaro, kuma wasu ƙasashe na da doka mai tsauri a kan na'urar da ke iya haka. Bincika dokar kwastan ta ƙasar kafin ka sa shi a jaka.