Yadda za ka kwance aikin gwanin da yake burge ka

"Kai, wannan mutumin ya iya!" Yawancinmu a nan muke tsayawa. Sha'awa abu ne mai daɗi, amma ba ta koya wa hannu komai sai an juya aikin an ga ɗinkinsa daga ciki.

Ɗauki gwani ɗaya tak. In marubuci ne, zaɓi shafin da ya taɓa hana ka barci, kalmomi 300 zuwa 400 sun isa. Kwafe shi da biro, domin hannu yana tilasta wa ido tsayawa a kan kowane waƙafi. A wata takarda daban, taƙaita kowace jimla da kalmomi biyar ko shida. Rufe littafin kwana uku ko huɗu, sannan ka sake gina shafin daga taƙaitawar nan kaɗai, ka jera naka kusa da nasa. Inda kuka rabu, nan karatun yake. Wataƙila kai ka rubuta "ta ji baƙin ciki ƙwarai", shi kuwa ya bar ta tana ta wanke kofi ɗaya har sau uku. Da irin wannan dabarar Benjamin Franklin, marubuci kuma ɗan siyasar Amurka, haifaffen 1706, ya gyara alƙalaminsa yana yaro, da maƙalun jaridar Ingila mai suna The Spectator. Gaggawa ce ke ɓata aikin: in ka koma a ranar, hadda kake biyawa, kalmominsa ba su fita daga kanka ba.

Mai zane kuma, kar ya ɗora takarda a kan zanen gwanin yana bin layi, don hakan kwafo sakamako ne ba tare da sanin dalili ba. Ya yi ƙaramin zane kamar tafin hannu cikin minti biyu, da baƙi da fari da ruwan toka kawai, ya ga ta ina haske ya shigo, ina ido ya fara sauka. Ya kifar da zanen asalin, kai ƙasa, sai fuska ta koma siffofi, kuskuren awo ya fito fili. Gidan tarihi na Louvre a Faransa, wanda aka buɗe a 1793, har yau yana barin masu koyo su kwafi zanuka, da sharaɗin girman ya bambanta da na asali, kuma ba a kwaikwayon sa hannun mai shi.

Barkwanci ya fi wuyar kamawa, saboda rabinsa shiru ne. Rubuta minti biyar na wasan wani mai barkwanci, kalma bayan kalma, ka sa alama a duk inda ya yi shiru, da yawan daƙiƙoƙin. Sau da yawa kalmar da ke fasa dariya ita ce ta ƙarshe a jimla. Sabon shiga yakan ƙara bayani a bayanta, ko ya ci gaba da magana mutane suna cikin dariya, sai ta mutu.

Duk wannan atisaye na aljihun tebur ne, ba na fitarwa ga jama'a ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, bayan gyare-gyarenta, tana kare aikin marubuci aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, kuma barkwancin wani ba ya zama naka don ka canja suna. Bayan wata guda, koma wa wani gwanin da salonsa ya yi hannun riga da na farkon, kar muryar na farkon ta shaƙe taka.