Yadda na gyara haɗin 'ya'yan itacen buɗa-baki da yake yin ɗaci

Kwana uku a jere cikin azumi ina yanka kankana, gwanda, abarba, ayaba da lemun zaƙi tun bayan la'asar, in zuba madara in rufe. Kafin a kira sallar magariba sai ayabar ta yi baƙi, ruwan ya tsinke, ga wani ɗaci a ƙarshen harshe. Yara suna taɓawa su ture kwanon, abin ya dame ni sosai, don kayan ba araha ba ne.

Da farko na zargi lemun. Yana da nasa laifin: farin ɓawon da ke manne da tsokarsa da 'ya'yan cikinsa su ne masu ɗaci, kuma ruwan lemu idan ya daɗe a ajiye ɗacin ƙaruwa yake. Yanzu da wuƙa nake fere shi har sai farin ya tafi gaba ɗaya, in ciro tsokar zalla, in tsince 'ya'yan.

Amma babban mai laifin abarba ce. Ɗanyar abarba tana da sinadarin da ke narkar da furotin na madara, shi ke kawo ɗacin idan sun zauna tare. Na daina haɗa su. Madara tana gefe, kowa ya zuba a kwanonsa lokacin sha.

Ayaba kuwa ita nake yankawa ƙarshe, in matse mata rabin lemun tsami nan take. Har bayan isha'i tana nan fara tas.