Yadda Mai Ogan Zai Raka Mawaƙa da Sauran Makaɗa

Fiyanon zamani, wanda a nan Sudan muke kira ogan, yana ruɗin mai shi. Kana ɗaki kai kaɗai, Korg ko Yamaha ta ba ka ganga, ta ba ka bes, wato sautin nan mai kauri, ta ba ka goge, ka ji kamar ƙungiya ce sukutum a hannunka. Ranar da aka kira ka biki a Gadarif ko Mai Wurno, ka tarar da mai kalangu, mai jita da zabiya da 'yan amshinta, rabin abin da yatsunka suka saba dole ka bar shi a gida.

Fara da murya. Kafin jama'a su taru, ce wa zabiyar: "Hajiya, ɗan ɗauko min baitin da kika fi ɗaga murya." Wannan baitin ne ma'auni, ba buɗin waƙa ba. Daga nan nemo sautin da take sauka a kai in ta kai ƙarshen baiti, shi ne gidan waƙar. In hannunka bai saba da gidan ba, ga maɓallin taransfos mai ɗaga sautin ogan ko sauke shi, kowace dannawa rabin mataki ce. Kai ne za ka je wurinta. Wanda ya jawo mawaƙiya zuwa gidan da ya fi masa sauƙi, ya dishe mata murya tun dare bai raba ba.

Sai kod, wato sautukan da ake dannawa tare, kuma a nan ne na fi ganin yara suna ɓata kiɗa. Yawancin waƙoƙin Sudan, da namu na Hausa da dama, a kan sauti biyar suke tafiya, abin da ake kira humasi. In gidan do ne: do, re, mi, sol, la. Babu fa, babu si. To kod ɗin sol da ka koya a intanet sol, si, re ne, ga si ta shigo inda ba a gayyace ta ba, shi ya sa tsofaffi ke cewa kiɗan ya yi baƙunta. Danna sol, do, re a madadinsa, ko sol da re kawai. Inda ka saba sa fa, gwada la, do, mi, ko re, sol, la. Ban ce fa haramun ce ba, in ta gifta da sauri takan yi daɗi, amma kada ka zauna a kanta alhali murya na kan mi.

In mai udu, wato molon Larabawa, ne a gefenka yana bin maƙami, wato jerin sautukan Larabawa, kamar rast, mi ɗinsa tana tsakanin farin maɓalli da baƙi. Ko ka saita rubu'in sauti in oganka na da shi, ko ka cire sautin tsakiya, wato mi, ka riƙe do da sol.

Na uku, rage hannun hagu. Akwai mai bes? Kashe bes ɗin na'ura, ka dawo tsakiyar ogan. Bes biyu a sifika ɗaya gurnani ne kawai.

Ganga kuwa, ku yanke tun a gwaji wa zai ja. Mai kalangu ko dalluka, gangar Sudan, yana bin ƙafar masu rawa, yana ƙara sauri in fili ya yi zafi, na'ura kuwa ba ta ganin kowa. Na taɓa barin gangar na'ura a kunne da salon kiɗan tumtum a wani biki a Kassala, wani dattijon makaɗi ya yi ta fama da ita har ya sauke kalangunsa, kuma har yau abin na damuna. In da makaɗi, kashe gangar na'ura. In dole ne a bar ta, rage ta, a sa sifika kusa da shi, kuma ka tabbata salon ya dace, don kiɗan mardum mai bugu shida ba ya zama a kan salo mai bugu huɗu.

Yayin da zabiya ke baiti, riƙe kod a hankali, kada ka bi muryarta sauti da sauti. Adonka ka ajiye shi sai ta ja numfashi, ko tsakanin amshi da sabon baiti. In ta shiga kirarin dangin ango, baitin zai iya tsawaita yadda ba ku gwada ba, saboda haka zauna a gidan waƙa, idonka a kanta, har ta ɗaga wa 'yan amshi hannu.