Yadda ake zaɓar sunan wasa da tsare asusu kafin shiga gasar PUBG Mobile ko Free Fire

A gasar wasan harbi ta intanet, sunan da ke yawo a saman kanka aiki yake yi. Da shi abokan tim ɗinka za su kira ka lokacin da wuta ta buɗe, da shi masu shirya gasa za su gane ka a takardar maki, da shi kuma za a nemo ka idan ana son a ja ka cikin wasa. Yawancin 'yan wasa kwalliyar sunan kawai suke dubawa, sai ranar gasa su gane an rubuta kisan da suka yi a gaban sunan wani, ko ma an hana su shiga ɗakin da ake buɗe wa gasar a cikin gem gaba ɗaya.

Fara da tsawo. PUBG Mobile yana karɓar haruffa 14, Free Fire kuma 12, kuma kowace alamar ado da ka saka tana cin gurbin harafi. Idan kana da tim, ko kana sa ran shiga wata, ware gurbi uku ko huɗu tun yanzu domin tambarin tim da ake sawa a gaban suna. Abin da ya rage maka bai wuce haruffa takwas zuwa goma sha ɗaya ba, kuma sun isa.

Sunan ya zama mai gaɓa biyu, ko uku idan ya yi yawa. Shaho, Gizo, Zaki, Damisa, Kunama: irin waɗannan baki yana furta su cikin ƙiftawar ido. Gwada da kanka, ka ce "Shaho, bayanka!" da ƙarfi, sannan ka gwada da suna mai gaɓa biyar da lambobi a wutsiya. Kafin a gama kiran na biyun an riga an kwantar da mai shi. Haka kuma kada mutum biyu a tim ɗaya su ɗauki sunaye masu amo iri ɗaya. Idan akwai Zaki, kada a samu Baki ko Maki, domin a cikin iyafis, ga ƙarar bindiga ga ta mota, ƙarshen kalmar kaɗai kunne yake kamawa.

Sai batun alamomin ado, waɗannan fuka-fukai da rawani da haruffan Sin da na Japan da ake kwafowa daga shafukan ƙera suna. Matsalarsu biyu ce. Ta farko, ba kowace waya ce take da zanen kowace alama ba, don haka abin da kake gani kamar kambi a wayarka yana iya fitowa a matsayin ɗan akwati fanko ko alamar tambaya a wayar alƙalin gasa. Ta biyu, ba wanda zai iya rubuta sunan da hannunsa. Mai haɗa maki yana kallon hoton sakamako ne yana cike jadawali, kuma idan tim goma sha shida suka buga wasa shida a dare ɗaya, ba zai tsaya neman alamar rawani a allon rubutunsa ba. Alama ɗaya tsakanin tambarin tim da sunanka ta wadatar. Mafi muni shi ne sunan da ba a gani, wanda ake yi da harafin Koriya marar zane. Gasa da yawa ba sa karɓarsa, kuma suna da gaskiya.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma suna iya faɗawa wannan ramin, domin ba kowane gem ne yake nuna su daidai ba. Kafin ka kashe katin sauya suna, rubuta sunan a akwatin hira na cikin gem ɗin, ka tura wa abokai biyu masu waya iri daban da taka, misali ɗaya mai Tecno ko Infinix, ɗaya mai iPhone. Su turo maka hoton abin da suka gani. Idan ya fito lafiya a duka, ci gaba. Idan bai fito ba, nemi kalmar da ba ta da lanƙwasa.

Akwai abubuwan da ba sa shiga suna ko kaɗan: cikakken sunanka na yanka, shekarar haihuwa, unguwarku, sunan makaranta, guntun lambar waya. A PUBG mutum ɗari ne a fili ɗaya, a Free Fire hamsin, ba ka san ko ɗaya ba, kuma wasu suna watsa wasansu kai tsaye a TikTok ko YouTube, sunanka yana wucewa a gefen allonsu duk sanda ka kashe ko aka kashe ka. 'Yan mata da ke wasa sun fi kowa sanin amfanin sunan da ba ya nuna jinsi, saboda yawan saƙonnin banza da ke biyo baya. Zagi, tsokanar addini ko ƙabila, da aron sunan ƙungiyoyin ta'adda don a ba mutane tsoro, duk suna jawo a kai ƙararka ta maɓallin rahoto, kuma kamfanin yana iya goge sunan ko ya dakatar da asusun. Sa tambarin wata shahararriyar tim da ba ka cikinta ba zai sa a ji tsoronka ba, dariya za a yi.

Sauya suna kuɗi ne. Farashin da aka saba gani a shagon PUBG Mobile shi ne UC 180 na kati ɗaya, a Free Fire kuma dayamon 390 (UC da dayamon su ne kuɗin cikin gem ɗin), ko da yake ana samun katin a sauƙaƙe ta wasu bukukuwan cikin gem. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar asusunka, wadda ke ƙarƙashin hotonka a shafin bayananka. Rubuta ta a takarda ka ajiye. Ita ce ainihin shaidarka, kuma ita masu shirya gasa suke haɗawa da suna a lokacin rajista. Daga ranar da aka yi rajista har a raba kyauta, kada ka taɓa sunan, ko da ƙara ɗigo ɗaya ne. Idan tim za ta sauya tambari, kowa ya sauya rana ɗaya, kafin rajista, da rubutu iri ɗaya: manyan haruffa a wuri ɗaya, alamar rabuwa iri ɗaya.

Suna ba ya da amfani idan asusun da ke ɗauke da shi yana rawa. Wanda ya shiga gem ta maɓallin Guest, bayanan shigarsa a cikin wayar suke zaune. Aka sace ta, ko aka yi mata filashin, ko ya goge gem ɗin don ya samu wuri, shi ke nan, matsayi da kaya da suna sun tafi. Shiga saiti ka ɗaure asusun da Google ko Facebook, kuma inda gem ɗin ya ba da damar ɗaurewa ta hanya biyu, yi amfani da duka biyun. Sannan ka koma kan shi Facebook ɗin ko Gmail ɗin ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Nan ne mutane da yawa suke sakaci: sun buɗe Facebook da wani tsohon layi da suka daina sa wa kati, kamfanin waya kuma yana sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi. Ranar da aka buƙaci lambar tabbatarwa, wayar wani baƙo za ta shiga. Duba layin da ke jikin asusunka yau, ka mayar da shi wanda ke hannunka.

Masu satar asusu hanyarsu kusan ɗaya ce. Za a turo maka mahaɗi a WhatsApp ko Telegram, wai ana rabon UC ko dayamon kyauta, shafin ya yi kama da na kamfanin sak, sai ya ce ka shiga da Facebook. Abin da za ka riƙe shi ne, sayen UC ta halastacciyar hanya irin Midasbuy lambar asusu kawai yake buƙata. Duk mai sayarwa ko mai shirya gasa da ya nemi kalmar sirrinka, ko lambar da aka turo maka ta saƙo, asusun yake so. Sayen asusun wani kuma ya saɓa wa dokar kamfanonin, ga shi mai sayarwa yana iya ƙwace abinsa bayan mako biyu ta hanyar imel ɗin da ya buɗe shi da shi tun farko, ba kuma inda za ka kai kuka.

Wani abin da ake yin kuskurensa tun ranar farko shi ne yanki. A Free Fire, asusu yana manne ne da yankin da aka buɗe shi. Wanda ya kunna VPN, manhajar da ke nuna kamar kana wata ƙasa, ya buɗe a yankin Indonesiya ko Brazil don kwaɗayin kyaututtukan can, ba zai iya haɗuwa da abokansa na gida a tim ɗaya ba, sai dai ya buɗe sabo. PUBG Mobile yana barin a sauya saba, wato kwamfutar kamfanin ta yankin da kake wasa a kanta, amma a ƙarshen 2020 ya kawo dokar jiran kwana 60 tsakanin sauyi da sauyi, don haka karanta gargaɗin da ke fitowa kafin ka danna, kuma ku tabbatar duk tim kuna saba ɗaya.

Zaɓin sabar ya danganta da fing, wato lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo, wanda gem yake nunawa a gefen allo da lamba da haruffan ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin igiyar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a kowane ms ɗaya, ke nan kowane kilomita 1,000 yana ƙara ms 10 zuwa da dawowa. Igiyar MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal ta ƙarƙashin teku tsawonta kusan kilomita 7,000 ne, wato ms 70 ke nan tun ba a lissafa tafiyar saƙon daga Kano ko Sakkwato zuwa Legas ba, balle jinkirin da ke tsakanin wayarka da ƙarfen sabis. Saboda haka mai wasa daga Arewa a sabar Turai ya daina wahalar da kansa da manhajojin da ke alƙawarin fing 20. Abin nema shi ne lambar ta tsaya wuri ɗaya. Fing 120 da ba ya motsi hannu yana sabawa da shi, ka koyi fara harbi da ɗan wuri. Wanda ke tsalle daga 80 zuwa 300 shi ne yake sa ka ga ka shige bayan bango amma harsashi ya same ka. Gwada layukanka a daidai lokacin da za a buga gasar, domin layin da ke gudu da hantsi yana iya shaƙewa bayan isha'i idan kowa ya hau. Idan da waifai kake, zauna kusa da na'urar, ka hau zangon 5GHz in tana da shi, ka kuma roƙi 'yan gida su dakata da saukar da bidiyo.

A saitin hoto na PUBG, zaɓi Smooth, wato mafi sauƙin zane, sannan ka ɗaga gudun hoto zuwa iyakar abin da wayarka ta bayar. High yana ba da hoto 30 a daƙiƙa, Ultra 40, Extreme 60. A 30, kowane hoto yana ɗaukar kusan ms 33, a 60 kuma kusan 17, kuma wannan bambancin ya fi kyan ciyawa da inuwa amfani nesa ba kusa ba. Sai dai waya idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don ta kare kanta, shi ya sa wasa yake fara sarƙewa a zagayen ƙarshe, daidai lokacin da ake buƙatarsa. Cika batir kafin lokaci, cire rigar wayar, kada ka yi wasa tana jikin caji, ka zauna gaban fanka in da wuta. Iyafis mai igiya ya fi na Bluetooth, saboda na Bluetooth yana jinkirta sauti, sai ka ji takun mutum bayan ya riga ya iso. Manhajojin gyara hoto na waje da fayilolin da ake cewa suna rage girgizar bindiga, bar su: PUBG Mobile yana rufe asusu har shekara 10 a kan maguɗi.

Ranar gasa, buɗe gem ɗin awa ɗaya kafin lokaci, ko da sabuntawa tana jira. Tabbatar ka sauke duk taswirorin da za a buga, Erangel da Miramar da Sanhok ko duk waɗanda aka sanar, domin ɗakin da aka buɗe a taswirar da ba ka da ita ba zai karɓe ka ba. Ana turo lambar ɗaki da kalmar shiga 'yan mintoci kafin farawa. Shiga ka zauna a gurbin da aka ba tim ɗinku, kada ka zauna a na wasu, kuma kada ka tura wa kowa lambar. Karanta dokar na'ura: manyan gasannin waya ba sa yarda da kwamfuta, ko babbar waya irin iPad, ko maɓallan harbi da ake maƙalawa a gefen waya.

San lissafin maki tun kafin jirgin da ke sauke 'yan wasa a fili ya tashi. A tsarin da manyan gasannin PUBG Mobile suke bi, tim ta ɗaya tana samun maki 10, ta biyu 6, ta uku 5, yana sauka har zuwa maki 1 ga ta bakwai da ta takwas, kowane kisa kuma maki 1. A Free Fire ta ɗaya 12 ce, ta biyu 9, ta uku 8, kisa maki 1. Gasar unguwa tana iya bin nata tsarin, don haka a tambaya. Da zarar wasa ya ƙare, kowane ɗan tim ya ɗauki hoton allon sakamako kafin ya fita, wanda ke nuna sunaye da adadin kisa, shugaban tim ya tura wa masu shiryawa a cikin lokacin da suka ƙayyade.