Yadda ake tsallakawa daga baiti zuwa amshi a Ableton Live ba tare da kiɗa ya yi tuntuɓe ba

Duk mai haɗa kiɗa a kwamfuta ya san inda aiki ya fi lalacewa: mahaɗar baiti da amshi. Ka danna da wuri, ganga ta haɗiye bugu. Ka makara, mawaƙi ya shiga amshi babu kowa a bayansa. Maganin shi ne ka daina dogara da saurin yatsanka, ka bar wa manhaja ƙidaya. Ableton Live, wadda wani kamfanin Berlin ya fitar a 2001, don irin wannan aikin aka gina ta.

Fara da madannai uku. Space na kunnawa da tsayarwa, amma in ka sake kunnawa sai ya koma inda ka ajiye alamar farawa. Kana son ci gaba daga daidai inda ka tsaya, haɗa Shift da Space. Tab kuwa shi ke kai ka tsakanin fuskokin manhajar biyu: mai dogon layin lokaci, da mai akwatuna jere-jere.

Yanzu ga jigon aikin. A layin sama akwai ɗan akwati da aka rubuta 1 Bar. Shi ke gaya wa manhaja yaushe za ta bi umarninka. In yana kan 1 Bar, wato gaɓa ɗaya, duk lokacin da ka danna, ba za ta tsallaka ba sai gaɓar da ake ciki ta ƙare, wato bugu huɗu sun cika. A kiɗa mai bugu 120 a minti, gaɓa ɗaya daƙiƙa biyu ce cif. Ke nan kana da daƙiƙa biyu na sarari, ka danna a ko'ina cikinsu, amshi zai faɗo a kan bugun farko. Ctrl da 9 na mayar da shi kan gaɓa ɗaya, Ctrl da 0 na kashe shi gaba ɗaya. Shawarata kada ka kashe shi sai da dalili mai ƙarfi. Masu Mac su sa Cmd a madadin Ctrl.

A fuskar layin lokaci, kai alamar farawa bakin kowane sashe ka danna Set, tuta za ta bayyana. Raɗa mata suna da Ctrl da R: mabuɗi, baiti, amshi. Sai Ctrl da K, ka taɓa tutar, ka danna lambar da kake so ta zama tata, ka sake Ctrl da K ka fita. Daga nan, in 3 ka ba tutar amshi, danna 3 kawai ya isa ya kai ka amshi, kuma a kan ƙidaya.

A fuskar akwatuna, kowane layi na kwance sashe ɗaya ne, madanninsa na can ƙarshen dama. Nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Duk akwatin da babu komai a ciki yana ɗauke da ɗan murabba'i, kuma aikinsa tsayarwa ne. Kana da sautin goge mai tsawo da kake son ya ratsa daga baiti har cikin amshi, ka kunna amshin, sai ka ji ya yanke ɗif, domin akwatin da ke ƙasansa fanko ne. Zaɓi akwatin, danna Ctrl da E, murabba'in ya ɓace, gogen ya ci gaba da tafiyarsa.

Tun daga Live 11 ta 2021, ana iya saita layi ya miƙa wa na gaba da kansa bayan adadin gaɓoɓin da ka yanke. Wajen gwada tsarin waƙa a sutudiyo wannan na da amfani ƙwarai. Amma in da mawaƙi a gabanka a kan dandamali, ka riƙe sauyin a hannunka, domin yana iya ƙara baiti in ya ga jama'a sun taso, manhaja kuwa ba ta ganin fuskar kowa.